Kafin ka sayi irin tumatir: wanne ke jure hanya, wanne ke riƙe furensa

A ɗauki kwanduna biyu na tumatir da aka tsinka rana ɗaya a Kadawa ta jihar Kano, mota ɗaya ta ɗauke su zuwa Legas, tafiyar kilomita kusan 1,000. Bayan kwana uku a kasuwar Mile 12, ɗaya ruwa ke tsiyaya ta gindinsa, ɗayan kuwa in ka danna tumatirin da babban yatsa ko alama bai yi ba. Dillali zai ce lodi ne, direba ya ce rana ce. Suna da gaskiya a wani ɓangare, amma yawancin bambancin tun daga gwangwanin iri ya taso. Saurin nuna, taurin fata, yawan furen da tsiro zai fitar kafin ya daina tsawo, da ko furen zai zauna ko zai kaɗe a zafin Afrilu, duk gado ne da ke cikin ƙwayar irin. Taki da ban ruwa suna gyarawa, amma ba sa sauya gado.

Don haka tambayar da ya kamata a fara da ita a shagon iri ba "wanne ya fi kyau?" ba ce. Tambayoyi biyu ne: ina tumatirin zai je bayan an tsinka, kuma a wane wata zai yi fure?

Abin da ke tayar da nuna

Tumatir na cikin 'ya'yan itacen da ke ci gaba da nuna bayan an cire su, kamar ayaba da mangwaro. Idan ɗan ya gama girma, sai ya fara fitar da wata iska da ake kira etilin. Iskar ce ke ba da umarni: koren fata ya gushe, ja ya shigo, tsoka ta yi laushi, ƙamshi ya fito. Shi ya sa nunanne ɗaya a cikin kwando ke hanzarta maƙwabtansa, kuma wanda ya ƙuje ko ya fashe ya fi kowa fitar da iskar.

Sama da etilin akwai wata ƙwayar gado, wato ɗan ɓangaren gadon da ke riƙe da wani hali na tsiro, wadda masana suka sa wa suna RIN. Ita ce ke kunna aikin gaba ɗaya. A 1968 aka bayyana wani tumatir a Amurka wanda wannan ƙwayar tasa ta lalace: 'ya'yansa su girma sarai, amma su tsaya da ƙarfi, launinsu tsakanin kore da ɗorawa, ko an busa musu etilin ba sa yin ja. A 2002 rukunin James Giovannoni da ke aiki a Jami'ar Cornell ya gano ainihin ƙwayar. Abin mamaki, lalacewar ta haɗa da wata ƙwayar da ke maƙwabtaka da ita mai kula da siffar fure, shi ya sa tumatirin da ya gaji wannan lahani daga iyaye biyu yake da hula mai manyan kunnuwa, wato korayen ganyen nan da ke kan ɗan tumatir. Harkar fure da harkar nuna ƙwayoyin gado 'yan dangi ɗaya ne ke riƙe da su.

Tumatirin da ba ya nuna ba shi da amfani a kasuwa. Dabarar masu haɗa iri ita ce su aurar da shi da lafiyayye, wato su sa garin furen ɗaya a furen ɗayan. Ɗan da aka samu, wato F1, sunan da ake ba zuriyar farko ta kowane haɗin iri biyu, yana ɗauke da lafiyayyar ƙwaya ɗaya da lalatacciya ɗaya, sai ya riƙa nuna a hankali, ya yi ja amma ya daɗe bai yi laushi ba. Shahararren misali shi ne Daniela na kamfanin Hazera, wanda ya fito daga aikin Nachum Kedar da Haim Rabinowitch a Isra'ila. Akwai wata ƙwayar mai kama da wannan, NOR, kuma wani nau'in lahaninta ne ke cikin tumatirin da mutanen Sifen da Fotugal ke ratayewa a rumfa ya yi watanni bai ruɓe ba.

Wannan ba tumatirin da aka sauya wa halitta a ɗakin gwaji ba ne, aure ne tsakanin tumatir da tumatir. Wanda aka sauya wa halitta don ya jure ajiya, Flavr Savr, ya fito kasuwar Amurka a 1994, kafin ƙarshen 1997 ya ɓace.

Tauri iri biyu ne, kada a haɗa su

Nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Mai shago zai ce "wannan yana da ƙarfi", amma ƙarfin na iya zuwa ta hanya biyu, kuma kowacce da yadda ake tsinkarta.

Na farko, taurin jiki. Irin UC82B, wanda manoma ke kira UTC, da Roma VF da Rio Grande, an ƙirƙire su ne don masana'antar tumatirin gwangwani. UC82B daga Jami'ar California da ke Davis ya fito, an yi shi don injin girbi. Bangonsu mai kauri ne, ɗakunan 'ya'ya kaɗan, ruwa kaɗan. Nunarsu ta al'ada ce, ba a taɓa ta ba. In an tsinke su sun fara tsaga launi za su ƙarasa ja a hanya, amma da sun kai ja sosai agogonsu ya fara gudu kamar na kowane tumatir.

Na biyu, jinkirin nuna, wato haɗin F1 mai ɗauke da rabin lahanin RIN ko NOR. Kamfanoni ba kasafai suke rubuta sunan ƙwayar a jikin leda ba. Abin da za ka gani shi ne haruffan LSL ko wata jimla da ke nuna yana daɗewa a ajiye. Ba kowane F1 ne ke da shi ba, da yawa taurin jiki kawai gare su, don haka a tambayi wakilin kamfanin kai tsaye. Amfaninsa a fili yake: ja ne kuma da ƙarfi bayan mako biyu ko fiye a inuwa. Farashinsa kuwa ana biya a tukunya. Jan cikinsa bai kai na talakan tumatir ba, ƙamshi ya ragu, kuma mai miya tana ganewa. Kuskuren da ake yawan yi da shi shi ne a tsinke shi kore kamar yadda aka saba da UTC. Tunda dama nunarsa a raunane take, sai ya isa kasuwa ruwan lemo, ciki fari-fari, ya zauna haka. Irin wannan ana barinsa a jikin uwa har launi ya rufe rabinsa ko fiye.

A ra'ayinmu, mai kai kaya kasuwar kusa, ko Ƴankaba ko kasuwar garinsu, ba shi da dalilin biyan kuɗin jinkirin nuna. Mai yin kauɗa ma haka: abin da yake so shi ne tsoka mai yawa, ruwa kaɗan, ja mai duhu, kuma UTC da Roma sun ba shi wannan da arha. Mai jinkirin nuna na wanda ke lodin Legas, Fatakwal ko Anaca ne, ko mai kai wa manyan kantuna da otal-otal inda kayan ke zama kwanaki a kan kanta.

Kan matakin tsinka kuwa, ga ma'aunin da ake amfani da shi a duniya. Mataki na farko, kore mai ƙosawa: in ka yanka shi da wuƙa mai kaifi 'ya'yan ciki suna zamewa ba sa yankuwa, kuma yauƙi ya cika ɗakunan. In wuƙa ta raba 'ya'yan, bai ƙosa ba, kuma ba zai taɓa yin nuna mai kyau ba. Sai mai tsaga launi, wanda launin bai wuce kashi 10 cikin 100 na jikinsa ba, yawanci daga gindi. Daga nan 10 zuwa 30, sai 30 zuwa 60, sai 60 zuwa 90, sannan ja. Don doguwar tafiya, UTC a mataki na biyu ko na uku, mai jinkirin nuna a na huɗu ko na biyar.

Maganar ajiye iri

Wannan ita ce asarar da ba a gani sai bayan wata uku. Manomi ya shuka F1 mai tsada, ya ga kyau, sai ya matse 'ya'yan manyan ya ajiye don baɗi. Idan haɗin na ɗauke da rabin lahanin RIN, jikokin za su rabu kashi huɗu: kashi ɗaya mai nuna ta al'ada, kashi biyu irin uwarsu, kashi ɗaya kuma ya gaji lahanin daga ɓangarori biyu. Wannan na ƙarshe zai yi ganye, ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya masu kyan gani, su ƙi nuna har abada. A hekta mai tsiro 30,000, kusan 7,500 ke nan da suka ci taki da ruwa da magani a banza. Kabaid, sinadarin da wasu ke sakawa a kwando don hanzarta nuna, wanda hukumar NAFDAC ke gargaɗi a kansa, ko shi ba zai motsa su ba.

Juriyar cututtuka ma haka take rabuwa. Sau da yawa daga uba ɗaya kawai F1 ya gaje ta, don haka ɗaya cikin huɗu na jikoki zai fito ba kariya. Siffa da girma su ma su watse, kwando ɗaya ya fito da dogo da zagayayye, dillali ya rage kuɗi.

UC82B, Roma VF da Rio Grande ba su da wannan matsala, tunda ba haɗi ba ne, kuma tumatir kansa yake yi wa barbara a mafi yawan lokuta. A zaɓi tsirrai masu lafiya, ba manyan 'ya'ya kaɗai ba, a matse a roba, a bari ya yi tsami kwana 2 zuwa 3 har yauƙin ya saki, a wanke, a zubar da masu tasowa sama, a shanya a inuwa. Wanda ya san zai ajiye iri, tun a shago ya kamata ya bar layin F1.

Mai tsayawa da mai hawa

 A tumatirin asali, tsiro kan fitar da ganye kamar 8 zuwa 12 sannan gungun fure na farko, daga nan kuma duk bayan ganye uku sai wani gungu, haka har ya mutu. Ƙwayar gadon da ke hana kan tsiron ƙarewa da fure ita ake kira SP. An tsinci tumatirin da tasa ta lalace a Florida a farkon ƙarni na 20, kuma shi ne kakan duk tumatirin masana'anta na yau. A irinsa tazarar ganye tsakanin gungu da gungu tana raguwa, uku, biyu, ɗaya, har kan ya rufe da fure ya daina tsawo.

Mai tsayawa, kamar UTC da Roma, gajere ne, bai cika wuce mita ɗaya ba, furensa na zuwa kusan lokaci guda, girbi ya tattaru a 'yan makonni. Ya dace da wanda ke son cika mota a tsinka biyu ko uku, ko mai kai wa masana'anta. Illarsa ita ce in girbinka ya faɗo cikin Fabrairu da Maris, lokacin da Kura, Garun Malam, Ɗanja da sauran wuraren noman rani duk suka zubo kaya, ba ka da wani gungu a baya da zai jira farashi ya tashi. Kuma kada a yi masa fiɗar rassa: kowane reshen da aka cire, gungun fure ne aka zubar wanda ba zai dawo ba. Ana ganin masu koyo daga bidiyon gidan leda, wato rumfar noma da aka rufe da leda, suna tsige tsiron da ke fitowa a hammatar ganye a jikin mai tsayawa, su rage amfaninsu da hannunsu.

Mai hawa kuwa sai da sanda ko igiya, yana wuce mita 2, ana bar masa kara ɗaya ko biyu, ana tsige na hammata duk mako tun suna ƙanana. Yana ba da kaya kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Wanda ba shi da kuɗin sanda da ma'aikata kada ya saye shi don ya ga hoton a jikin leda, zai kwanta a ƙasa ya cukurkuɗe ya ruɓe. Akwai na tsakiya, mai ɗan hawa kafin ya tsaya, kuma a damina shi ne mafi dacewa: gajeriyar sanda ta ishe shi ta ɗaga 'ya'yan daga laka.

Furen da ke kaɗewa

Tumatir na tsada daga Mayu zuwa Yuli kuma ga ɗaya daga cikin manyan dalilan: furen da ya kamata ya ɗaura a Maris da Afrilu ya zube. Idan zafin rana ya wuce digiri 32, na dare kuma ya wuce 21, garin fure kan lalace tun yana cikin toho, musamman mako ɗaya zuwa biyu kafin furen ya buɗe. A wasu irin kuma zafi kan sa bakin macen furen ya zarce bututun da ke zuba masa gari, sai garin ya wuce shi. Za ka ga fure ya buɗe rawaya shar, bayan kwana uku tsinkensa ya yi ɗorawa a gaɓa, ka taɓa ya faɗi. Manomi ya ɗauka ƙwari ne ya yi ta feshi, ko ya ƙara yuriya, wanda ke ƙara ganye ya ƙara zubar da furen.

Juriyar zafi ba ƙwaya ɗaya ba ce, tarin ƙwayoyi ne, shi ya sa ba a samunta cikakkiya. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan ta daɗe tana fitar da layukan da ke ɗaura 'ya'ya a zafi, kuma kamfanoni sun gina a kan irin wannan aiki. A kasuwarmu ana tallata Padma F1 da Platinum F1 na East-West Seed, da Cobra 26 F1 na Technisem, a matsayin na zafi da damina. Chibli F1 da Kilele F1 na Syngenta su ma sanannu ne. Amma "mai jure zafi" a jikin leda ba ya nufin digiri 41 na Sakkwato. Yana nufin zai ɗaura inda wani ya zubar, kuma 'ya'yan kan fi ƙanƙanta. Hanyar da ta fi ita ce a gwada layi biyu ko uku na kowanne a gefen gona a watan da ake son nomawa, a ƙirga furanni 50 a ɗaura musu zare, bayan kwana 10 a ga nawa suka zama 'ya'ya.

Zafi na taɓa launi ma. Sinadarin da ke ba da ja yana daina haɗuwa idan ɗan ya wuce digiri 30 ko 32, na rawaya kuwa ya ci gaba, shi ya sa tumatirin bazara ke fitowa ruwan lemo. A lokacin zafi a zaɓi iri mai ganye da yawa da ke rufe 'ya'yansa, a tsinka yana tsaga launi ya ƙarasa a inuwa. Ya fi yin ja tsakanin digiri 20 zuwa 25. Firij kuwa, ƙasa da digiri 10, yana kashe ɗanɗano ya hana kore nuna.

Alamomi biyu da ido ke gani

Dubi tsinken da ke riƙe da ɗan. A yawancin tumatir akwai wata 'yar gwiwa a tsakiyarsa, nan yake karyewa, sai ɗan ya zo da hula da guntun tsinke mai tsini. A cikin kwandon da aka danne da wani a sama, wannan tsinin ne ke huda maƙwabta, ruɓa ta shiga ta ramin. Akwai irin da ba shi da gwiwar, gadon da aka samo daga tumatirin daji na tsibiran Galapagos: ka ja ɗan ya fito tas, hula ta zauna a jikin uwa. Ga mai lodin kwando wannan ƙaramin abu ya fi wasu manyan alkawura amfani. In irinka mai gwiwa ne, a sa masu tsinka su cire hular kafin zubawa.

Sai kafaɗa. Ɗanyen wasu irin yana da kore mai duhu a kewayen tsinke, wasu kuma jikinsu fari-kore ne bai ɗaya. Na biyun ya fi kyan gani in ya nuna, kuma shi kasuwa ta fi so. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa ƙwayar gadon da aka rasa don samun wannan kyan ita ce ke ƙara wa ɗanyen ɗa koren da yake haɗa sukari da shi, don haka mai kafaɗa ya ɗan fi zaƙi. Sai dai a rana mai zafi kafaɗar kan ƙi ja, ta tsaya rawaya da tauri. Na gida da na sanyi, mai kafaɗa. Na bazara da na lodi, marar kafaɗa.

Haruffan da ke bayan suna

Haruffan da ake sa wa bayan sunan iri, kamar a Roma VF, suna nuna cutar da irin ke jurewa. V da F cututtukan ƙasa ne biyu masu sa yaushi. N tsutsar saiwa ce, amma wannan kariya tana raunana idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28, don haka kada a dogara da ita a bazara ba tare da rufe ƙasa da ciyawa ba. TY ko TYLCV cutar nannaɗewar ganye ce da farin ƙuda ke yaɗawa, kuma a noman rani mai latti ita ce ta fi muhimmanci, domin tsiron da ta kama da wuri furensa zubewa yake. BW ko Rs na yaushin damina ne, wanda tsiro ke kwanciya rana ɗaya yana kore. Babu harafin da ke kare tumatir daga sharon, tsutsar da ta cinye gonakin Kano, Kaduna da Katsina a 2016. Duk mai shagon da ya ce irinsa ba ta cinsa, a wuce shi.

Kokwamba, tattasai da albasa a taƙaice

Da yawa daga cikin kokwamban F1 an haɗa su su riƙa fitar da furen mace kusan zalla. In ba irin da ke ɗaurawa ba barbara ba ne, ledar kan zo da 'yan ƙwayoyi masu wani launi daban, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Su ne masu furen namiji, kada a tsince su a zubar. Wanda ke ɗaurawa ba barbara kuma na gidan leda ne, a fili ƙudan zuma kan sa shi ya yi 'ya'ya a ciki ya karkace.

Tattasai da attarugu ba sa bin etilin kamar tumatir. Wanda aka cire kore shar zai yanƙwane kafin ya yi ja mai kyau, sai an bari launi ya kama a jikin uwa.

Albasa kuwa tsawon yini take ƙirgawa kafin ta yi kai. Irin arewacin Turai na jiran yini mai awa 14 zuwa 16, a Kano kuwa yini bai kai awa 13 ba ko a tsakiyar damina, sai ta yi ta ganye ba kai. A nemi ta gajeren yini, irin 'yar Galmi ta jihar Tawa a Nijar.

A bakin kanta

Giram ɗaya na irin tumatir na ɗauke da ƙwaya kusan 300. In za a dasa santimita 75 tsakanin layi da 40 tsakanin tsiro, hekta na cin tsiro kusan 33,000, wato giram 110, a ƙara na asarar reno ya zama 140 zuwa 150. Wanda ke watsa iri a kwamin reno zai ci fiye da haka, shi ya sa F1 ya fi dacewa da tiren reno, ƙwaya ɗaya a rami ɗaya. A kwatanta farashi da adadin ƙwaya, domin wasu kamfanoni da giram suke sayarwa, wasu da ƙirga.

A duba ranar gwaji da ranar ƙarewa, da lambar rukuni, da tambarin hukumar iri ta ƙasa NASC mai lambar da ake kankarewa a tura ta waya. Gwangwanin da aka buɗe ana aunawa da cokali, ko ledar da ta yi watanni a rataye tana shan rana, a bar su. Kafin a zuba duka a reno, a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a tsumma mai laima, a ajiye a inuwa, a duba daga kwana na 5 zuwa na 10. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a koma da ragowar tare da rasit tun lokacin reno bai wuce ba.